Ranar da Tobin Ya Tsige Rawaya

"...lafiya lau na tashi, sai yanzu da na ga fuskarka na ji kaina ya fara sarawa. Shigo ka rufe min ƙofa, kana fitar mana da ɗumi."

"Ni ma na yi kewarki, Kaka."

"Kewar tukunyata dai. Cire hannunka daga farantin nan."

Tobin bai cire ba sai da ya cafki pirogi guda, irin ɗan curin fulawar nan mai dankali a ciki, ya jefa a baki, ya shiga hura iska yana rawa da ƙafa ɗaya saboda zafi. Asabar ce da rana, saura kaɗan a buɗe filin ƙanƙara na garinmu Kettle Bend don zamiyar jama'a. Kakarsa, Verna Melnyk, na tsaye a kantin filin cikin jar rigar sanyinta, tana juya cakulan a ƙatuwar tukunya. Tun kafin a haifi rabin masu zuwa filin nan ita ke riƙe da kantin, ita kuma ke riƙe da mabuɗin ɗakin kiɗa da ke saman bene, yana rataye a wuyanta da igiyar takalmi.

Tobin kuwa, ya tafi kwaleji a Winnipeg da akwati biyu, ya dawo da akwati ɗaya da rabin gemu, babu takardar komai. Tun daga nan garin ke kallonsa kamar kujerar da aka rasa inda za a ajiye. Abin da yake hari yanzu shi ne mabuɗin nan na wuyan kakarsa. Gord Lavallee, shugaban kwamitin filin, ya riga ya faɗa: gwiwoyin Verna sun gaji da hawa bene, in Tobin ya iya riƙe zamiyar Asabar ɗaya lafiya, aikin ɗakin kiɗa ya zama nasa. In kuwa ya kasa, ya koma wanke motocin mutane. Ana cikin haka sai tsohuwar na'urar kunna faifai ta filin ta yi tari ta mutu, Verna ta aike shi birnin Brandon ya sayo sabuwa.

"Ina aiken da na yi maka?" in ji ta.

"Yana aljihuna."

"Na'urar kunna faifai ce a aljihunka? Ashe sun ƙanƙance haka tun rabona da birni."

Tobin ya zaro wata siririyar igiya baƙa, ya ɗaga ta sama da yatsa biyu kamar wanda ya kamo kifi.

Verna ta dube ta. Ta dube shi. Ta ajiye ludayi.

"Mene ne wannan? Wutsiyar ɓera?"

"Wannan ita ce gobe, Kaka. Baki ɗaya a wayata, baki ɗaya a lasifikan filin. Waƙoƙin duniya kaf a tafin hannuna."

"Na aike ka ka sayo doki, ka dawo min da linzami."

"Mai shagon da na tambayi na'urarki sai da ya kira abokan aikinsa su zo su gan ni. Ɗaya ya ce ko daga gidan tarihi aka turo ni. Ɗaya ya ba ni kujera, ya ce tabbas tafiyar ta yi nisa."

"Ƙarya kake, ja'iri. Ko shagon ba ka shiga ba."

"Na leƙa ta taga."

"To da me za a kunna Rawaya yau?"

"Yau Rawaya za ta huta. Ta yi ritaya. Kwamiti zai ba ta agogon bango da takardar yabo."

Ga wanda bai sani ba, Rawaya faifai ne. Wasu yara huɗu ne, maza biyu mata biyu, motarsu ta mutu a bakin garinmu cikin wani mugun sanyi, shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce. Verna ta kwantar da su a kantin, ta cika musu ciki, da safe suka bar mata faifansu da suka buga da kuɗin aljihunsu. Kwalinsa rawaya ne shar, sunan ƙungiyar kuma gindin kofin kofi ya cinye shi tuntuni, shi ya sa kowa ke ce masa Rawaya. Gidajen rediyo ba su kula shi ba, jaridu ba su san an yi shi ba, yaran ma sun watse kowa ya kama gabansa. Amma tun daga Asabar ɗin da ta biyo baya, ba a taɓa zamiya a Kettle Bend da wani kiɗa ba sai shi.

"Ritaya?" Verna ta kama ƙugu. "Faifan da ya girme ka, ya fi ka hankali, ya fi ka riƙe aiki?"

"Kaka, mai waƙar nan muryarsa kamar agwagwa mai mura."

"Muryarsa kamar man shanu a kan burodi mai zafi."

"Waƙa guda cur a kan keken da aka sace. Wata a kan safa da ta ɓace a gidan wanki. Wa ke rera wa safa waƙa?"

"Wanda ya san zafin rashin safa. Kai da kake yawo da ɗaya shuɗiya ɗaya toka, ai kamata ya yi ka riƙa kuka in an sa ta."

Tobin ya saci kallon ƙafafunsa, ya ja wandonsa ƙasa.

"Kin san me ya sa agwagin daji ke barin lardinmu na Manitoba da wuri? Ba sanyi ba ne. Suna jin kin ɗauko faifan nan sai su ce a yi kudu."

"Kuma su dawo da bazara don sun kasa jure rashinsa."

"Karen Gord yana jin waƙar farko yake shiga ƙarƙashin mota."

"Kunya yake ji, don bai iya zamiya ba. Faifan nan, shekarar da bututun ruwan filin ya daskare, kunna shi na yi na kara lasifika a bango, kafin a kai waƙa ta uku ruwa ya ɓalle."

"Tsoro ya ji ya gudu."

"Faifan nan ya warkar min da ciwon kafaɗa."

"Likita dai ya warkar."

"Likitan ma a waƙar a-hankali ta faifan, wadda ake zamiya hannu cikin hannu, ya samu matarsa. Kai kanka, ɗan nema, ba don Rawaya ba da yanzu babu kai. Ubanka shekara guda yana zagaya uwarka a filin nan kamar kaza a bakin tabarma, ya kasa ce mata ko sannu. Ranar da aka sa waƙar a-hankali ta gaji ta cafko hannunsa da kanta."

"To kin gani? Har ni ma laifin faifan ne."

"Shi ne kaɗai abin da nake riƙe da shi a raina game da shi."

Tobin ya kwashe da dariya har ya sarƙe, ta miƙa masa ruwa tana harararsa. A waje an fara jin motoci suna tsayawa, ana buga ƙofofi, yara suna ihu. Gord Lavallee ya shigo da takalmansa na zamiya a rataye a kafaɗa, ƙaton mutum mai gashin baki kamar tsintsiya, ya ɗaga musu hannu.

"Verna. Yaro. Yau ne fa."

"Yau ne, Mista Lavallee," in ji Tobin, yana gyara hula.

Da Gord ya wuce, Verna ta ciro igiyar mabuɗin daga wuyanta, ta riƙe ta a sama, ba ta sake ba.

"Aro ne. Ka ji ko? Aro."

"Na ji, tsohuwa mai ran ƙarfe."

"Akwai abin da ya kamata ka sani game da mutanen nan kafin ka..."

"Kaka, a filin nan na yi rarrafe. Ki ji da cakulanki."

"To. Allah ya ba da sa'a, farfesa."

Ɗakin kiɗa yana daidai saman kantin, da faffaɗar taga mai kallon ƙanƙara. A ƙasansa akwai rami inda bututun tsohon murhu ya taɓa bi, ba wanda ya toshe shi. In ka sunkuya za ka hango tsakiyar kan Verna da bakin tukunyarta. Akwai makirfo a kan tebur, amma ya mutu tun Tobin yana firamare, ba wanda ya damu ya gyara, don ba a taɓa bukatar sanar da komai ba.

Tobin ya soka igiyarsa, ya murɗa sauti, ya saki kiɗa. Wani irin duka ne mai nauyi, wanda ke shiga ƙirji ya girgiza haƙora. Gilashin tagar ya fara rawa.

Mutane sun riga sun cika bakin fili. Suka tsaya. Suka ɗaga kai suna kallon lasifika kamar an sauya musu limamin coci ba sanarwa. Can dai suka shiga ɗaya bayan ɗaya, suka fara zagayawa a ɗarare.

"Tobin!" Muryar ta taso daga ramin.

"Na'am, masoyiya?"

"Wa ke gyaran mota a sama?"

"Waƙa ce. Mutum miliyan ɗari sun saurare ta."

"Allah ya ba su lafiya. Cokulana suna tafiya da kansu a kan kanta."

"Rawa suke. Su ma sun gaji da safa."

"Leƙa ka ga Misis Friesen. Kamar mai tafiya jana'izar wanda ba ta so."

Ya leƙa. Gaskiya ne, matar tana tura ƙafa kamar an ɗora mata buhu. Yara kuwa sun kasa gane inda za su sa ƙafa a cikin kiɗan, suna ta karo da katanga. Gord yana zagayawa hannu a baya, fuska a murtuke. Tobin ya dubi wayarsa. Ya ce a ransa nauyin ne ya yi yawa, bari a sa mai daɗi. Ya lalubo wata mai zafi, mai bushe-bushe, ya danna.

Begila ta tashi, tatata-taa.

A nan ne abin ya lalace. A cikin Rawaya, waƙar da ke tsakiya da begila take farawa, kuma duk ɗan Kettle Bend, daga mai koyon tsayuwa har mai sanda, ya san begila na nufin a juya. Masu zagayawa ta hagu su koma ta dama, don kada ƙafa ɗaya ta gaji, don kada ƙanƙarar ta cinye gefe guda. Ba a faɗa, ba a rubuta a bango, ƙafa ce ta sani. Tobin ma ƙafarsa ta sani, kansa ne bai taɓa tambayar ƙafar ba.

Rabin filin suka ji begila suka juya nan take. Rabin suka ji cewa wannan ba begilarsu ba ce, suka ci gaba. Sai ga jama'a biyu sun fuskanci juna a guje.

Misis Friesen ta rungumi malamin lissafi ba da niyya ba. Tagwayen gidan Desjarlais suka bi ta tsakanin ƙafafun wani manomi suka kwashe shi. Gord Lavallee ya yi ƙoƙarin kauce wa wata yarinya, ƙafafunsa suka yi gaba suka bar shi, ya zauna daɓas, har sai da aka ji a saman bene.

"Tobin!"

"Na gani!"

"Me ya faɗi? Rufin ne?"

"Mista Lavallee ne."

"Ai gara rufin. Rufi ba ya cikin kwamiti."

"Kaka, ki daina, hannuna rawa yake!"

"Waƙoƙin duniya kaf a tafin hannunka, dole ya yi rawa."

Ya danna ta gaba da sauri don ya kashe begilar. Waƙar da ta shigo da tafi ta fara, raf-raf, raf-raf-raf.

Verna ta daina dariya.

"Kashe wannan! Kashe ta yanzu!"

"Me ya sa?"

"Delphine!"

Tobin ya ɗaga kai. A can ƙarshen fili, babbar ƙofa ta fara ɗagawa. Delphine ce mai tuƙa motar goge ƙanƙara, tana zaune a garejinta inda ba ta ganin fili sai dai ta ji. Waƙar ƙarshe ta Rawaya da tafi take farawa, kuma shekara da shekaru tafi na nufin kowa ya fice, mota ta fito. Ga hancin motar nan ya fara leƙowa, ga mutane zube a ƙanƙara kamar wanki, yara suna rarrafe.

Ya kashe kiɗan. Motar ba ta tsaya ba. Ya fizgi makirfo ya yi ihu a ciki, makirfo ya yi shiru irin na matattu. Ya buga gilashi, wa zai ji shi? Ko da ya diro daga bene ba zai kai can ba.

Sai yatsansa ya tafi wani wuri a cikin wayar, wurin da yake zuwa ko ido a rufe.

Ƙananan ƙararrawa suka fara, tilin-tilin, kamar ana kaɗa cokali a jikin kofi. Jita ta biyo da tsalle, ganga ta faɗo a kai, sai wata yarinya ta ƙirga da dariya a muryarta, sannan su huɗun suka ɗauka tare. Waƙar farko ta Rawaya, wadda ke maganar fitowa daga gida da rigar barci don rana ta yi kyau.

Motar Delphine ta tsaya cak. Ba a fito da mota a waƙar farko, ko jariri ya san wannan. Ta ja da baya, ƙofa ta sauko.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Mutane suka miƙe kamar an zuba musu ruwan zafi a jijiya. Misis Friesen ta saki malamin lissafi, ta gyara hula, ta ba da ƙafa. Tagwayen suka kama hannun manomin da suka kayar. Ba wanda ya ce wa kowa komai, fili ya koma zagaye ɗaya ta hagu, ƙarafan takalma suna yankar ƙanƙara daidai da bugun ganga. Kiɗa ne marar nauyi, ba ya tura ka, janka yake kamar yaro ya kama hannun rigarka yana cewa zo ka gani. Ana jin inda mai jita ya kuskure ya yi dariya, ba su goge ba. Ana jin kujera ta yi ƙara. Aka shiga waƙa ta biyu, ta keken da aka sace, inda mai keken ke roƙon ɓarawon ya riƙa sa wa sarƙar mai. Rabin filin suna rerawa.

Tobin ya zube a kujera, gumi na bin rabin gemunsa.

Daga ramin, a hankali, murya ta taso.

"Tobin."

Ya ƙara nutsewa a kujera.

"Tobin Melnyk."

"Ba ya nan."

"Na'urata ta mutu. Faifan kuma ga shi nan a aljihun rigata, ina taɓa shi. To daga ina yarana ke waƙa?"

"Iska ce. Ginin ya haddace."

"Daga ina?"

"Wayoyin zamani suna kamuwa da cuta, Kaka. Na bi ta kusa da jakarki, ta ɗauka."

"Uhm."

"Ko kuma a intanet na tsinta."

"Faifan da ko masu shi ba su da shi? Mai gangar tana cire haƙora a Saskatoon, bara da Kirsimeti ta rubuto tana roƙona in aika mata. Yi shiru, ga wurin nan zuwa."

A tsakiyar waƙar keke akwai wurin da faifan Verna ya karce, tun ranar da ya faɗa bayan injin soya dankali. In an zo nan waƙar takan yi tuntuɓe, ta tsallake kalma biyu. Wurin ya zo. Waƙar ta yi tuntuɓe. Duk filin, yara da manya, suka yi ɗan tsalle tare, ƙarafa suka sauka ƙwas a lokaci guda, aka yi shewa.

"Har da karcen," in ji Verna. "Intanet ɗin ma bayan injin dankalina ya faɗa?"

Tobin ya rufe fuska da hula.

"Sauko nan, ɓarawon keke."

Ya sauko yana jan ƙafa. Ta tsaya da ludayi a hannu, idanunta suna ƙyalli.

"Agwagwa mai mura, ko?"

"Har yanzu agwagwa ce."

"Yaushe ka kwafa?"

"Kafin in tafi Winnipeg." Ya sosa ƙeya. "Don in riƙa nuna wa mutane irin wahalar da na sha a yarinta."

"Ka nuna wa mutum nawa?"

"Ba kowa." Ya ɗauki pirogi, ya juya shi, ya ajiye. "Ɗakin da suka ba ni tagarsa bango take kallo, Kaka. Ba wanda ya san sunana a benen nan kaf. In na tashi da safe na ji kamar kada in tashi, sai in sa ta rigar barci. Kafin a kai ta safa na sa takalmi."

Verna ta juya ta kalli tukunya, ta shiga juya cakulan da bai bukaci juyi ba.

"Da safa ɗaya shuɗiya ɗaya toka."

"Da su."

"Na dai san wani abu. Tun da ka dawo, kullum in kana wanka sai in ji ana yanka waƙar begila da baki. Na zaci bututu ne ya sake lalacewa."

Begilar gaske ta tashi a lasifika. Ta tagar kantin suka ga fili ya juya gaba ɗaya kamar an juya faranti, ba wanda ya ko taɓa wani. Daidai nan Gord Lavallee ya shigo yana ɗingishi, hannu ɗaya a ƙugu, gashin bakinsa cike da garin ƙanƙara.

"Yaro," ya ce, "na shekara hamsin ina zamiya, ban taɓa zama a filin nan ba sai yau."

"Ka yi haƙuri, Mista Lavallee."

"Haƙuri zai gyara min mazaunai? Na ce a riƙe Asabar lafiya. Wannan ce lafiyar?"

Tobin ya kama igiyar mabuɗin zai cire daga wuyansa. Verna ta buge masa hannu da ludayi.

"Gord, wa ya tsayar da Delphine?"

"To, ai..."

"Ni ina nan ƙasa da faifai a aljihu, ba abin kunnawa. Kai kana can kana auna sanyin ƙanƙara da wandonka. Wa ya tsayar da ita?"

"Shi ya fito da ita ai!"

"Shi ya mayar da ita. Kai shekara nawa kana fito da abubuwa a kwamiti, wanne ka taɓa mayarwa? Ina makirfon da ka ce za a gyara?"

Gord ya shafa gashin bakinsa. Ya dubi Tobin, ya dubi fili inda jama'a ke ta shawagi suna waƙar safa.

"Ranar Asabar," ya ce, yana nuna lasifika da yatsa, "wannan. Ba gyaran mota ba."

"Asabar ta Rawaya ce," in ji Verna. "Juma'a da yamma ka ba shi, ya tara tsaransa su kunna gwangwanayensu, su fasa wa juna kunne. Kuma ya fara da gyara makirfo."

"Na yarda," in ji Gord. "Akwai kujera mai laushi a nan?"

"Akwai ta bayan kanta. Zauna. Ga ludayi."

"Me zan yi da ludayi?"

"Waƙar a-hankali ta kusa. Yara za su fito shan cakulan, manya su riƙe hannu. Kofi ɗaya ɗaya, kada ka cika, tagwayen nan za su ce maka ba a ba su ba, ƙarya suke."

Verna ta sunkuya ƙarƙashin teburin kantin, ta jawo wani kwali da ya sha ƙura. Fararen takalman zamiya ne a ciki, fatar ta tsufa amma ƙarfen yana walƙiya, alamar ana goge shi a ɓoye.

Tobin ya zaro ido. "Kaka, na wa ne?"

"Na kakar wani sakarai. Shekara ashirin da wani abu ina kunna wa garin nan waƙar a-hankali, ina jin ta ta cikin bango ina zuba wa 'ya'yansu cakulan. Ko sau ɗaya ban taɓa taka ta ba."

"Gwiwoyinki fa?"

"Bene suka ƙi, ba ƙanƙara ba. Durƙusa ka ɗaure min, tun da dai kwalejin ba ta koya maka komai ba, mu ga ko ka iya igiya."

Ya durƙusa ya ɗaure. Da ya ɗago, ta zaro faifan daga aljihu, kwalin rawaya duk tabon kofi, ta cusa masa a aljihun riga, ta daddanna mabuɗin da ke ƙirjinsa.

"Ba aro ba ne kuma. In ka ɓatar da shi, a bayan injin dankali zan binne ka."

Tobin ya yi dariya har idonsa ya kawo ruwa, ya ce zafin cakulan ne.

"Shi ke nan, tsohuwa, kin ci ni. Faifan ya fi ni."

"Ƙara faɗa, kunnena ya tsufa."

"Ya fi ni hankali, ya fi ni riƙe aiki."

"Da kyau kuma."

"Kada ki wuce gona da iri."

Ganga ta lafa, piyano ya shigo shi kaɗai. Yara suka yo kantin a guje suka rufe Gord. Verna ta sa ƙafa a ƙanƙara, ta damƙi hannun jikanta, mutane suka buɗa musu hanya, Misis Friesen har da tafi.

"Riƙe ni da kyau. In ka yar da ni, mabuɗina zan karɓe."

"Kaka, ke ce ke jana."

"To bi ni."

Suka yi zagaye ɗaya, suka shiga na biyu. Can ta ɗago kai ta dube shi. Idonsa a lumshe, bakinsa na bin waƙar kalma bayan kalma, bai ma sani ba.

"Tobin."

"Na'am?"

"Yi wa mutane shiru. Yanzu na ji agwagwa mai murar."